Ranar da Muka Yi Darasi a Gindin Rimi

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Yaya Hauwa.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, ke da Malam da yara. Yaya zaman Fatakwal, da ruwan saman da kika ce ba ya gajiya? Mutanen Limancin Kona duk suna gaishe ki. Na san za ki ce me ya hana ni kiranki, to labarin nan ya fi ƙarfin waya. In na fara dariya ba zan kai ƙarshensa ba.

Kin san yadda kika bar mu da Hedimasta. Mutumin da zai faɗo aji ba sallama, ya fizge alli daga hannun malama, ya ce wa yara bari ya nuna mata yadda ake koyarwa. Ranar da ya yi min haka a aji huɗu, bayan ɗakin malamai na zagaya na yi ta kuka, har na rubuta takardar barin aiki. Kika karɓa kika karanta, kika gyara min kuskure biyu da jan biro, kika ninke ta kika cusa a jakarki. Abin da kika ce kawai shi ne, “Rabi, yaran nan kika zo wa, ba shi ba.”

Ke kika koya mana zama da shi. Kwanon ɗanwake guda a tsakiya lokacin tara, kowa da cokalinta. In yaron wata ba lafiya, wata ta riƙe mata aji ba tare da ofis ya sani ba. In an hango shi tafe, sai a ce hadari ya haɗo. Malama Asabe kuwa ta miƙe ta kwaikwayi tafiyarsa, hannu a baya, ciki a gaba, mu yi ta dariya muna toshe baki da mayafi.

Bayan tafiyarki ya fito da sabuwar doka. Duk malamin da ya makara, a rufe masa ƙofa, ya tsaya a waje tare da yaran da suka makara har sai an ga dama.

Kin san wa dokar ta fara kamawa? Malam Ilu mai lissafi, dattijon da ya koyar da rabin iyayen unguwar nan, ritaya saura masa 'yan watanni. Kekensa ya yi faci a hanyar Tukur-Tukur, ya turo shi da ƙafa har makaranta. Mai gadi ya sa hannu zai buɗe, Hedimasta ya daka masa tsawa daga baranda, ya ce doka ba ta san furfura ba. Malam Ilu ya jingine kekensa, ya shiga layin yara ya tsaya.

Yaya, muna kallo ta tagar ɗakin malamai. Sai Malama Asabe ta ɗauki alli da dasta ta fice. Ni da kika sani da tsoro, na bi ta. Ina tunanin za a iya cilla ni wani ƙauye can bayan Kufena, ga yara ƙanana a gida, amma na kasa komawa. Malam Bala da Malam Yusha'u suka kinkimo allo. Mai gadi ya buɗe mana ƙaramar ƙofa yana kallon wani wajen. Da ɗalibai suka ga malamai sun fita, su ma suka biyo mu, aji aji, a layi kamar an umarce su.

A gindin rimin nan na bakin ƙofa muka jingine allo. Malam Ilu ya dube mu, idonsa ya kawo ruwa, sannan ya gyara hula ya fara darasin sau bakwai. Da kin ji muryar yaran! Har bakin hanya ake jiyowa. Telan da ke tsallake ya bar kekensa ya zo ya durƙusa. Wani ɗan acaɓa ya kashe mashin, ya ce shi ma ɗalibin Malam ne, ya shiga cikin masu amsawa, ya kuma yi kuskure a bakwai sau takwas. Yara suka fashe da dariya.

Ana cikin haka Mai Unguwa ya iso, ya tambayi abin da ya faru. Malam Ilu ya ce, “Makara na yi, ranka ya daɗe, doka ce.” Mai Unguwa ya sa aka kawo masa benci, ya ce shi ma ɗalibi ne da ya makara, zai jira a buɗe.

Hedimasta da kansa ya fito da makulli. Ya buɗe ƙofar gaba ɗaya, ya tsaya a gefe, ya ce, “Malam, bismillah, a shigo.” Ban taɓa jin ya kira wani cikinmu Malam ba sai ranar.

Ba a ƙare a nan ba. Washegari kowa ya samu takardar tuhuma, muka kwana biyu cikin zullumi. Sakataren ilimi ya zo ya saurare mu ɗaya bayan ɗaya, kowa ya faɗi gaskiyarsa, ba wanda ya zame. Aka soke dokar, ba a kuma taɓa kowa ba. Ba zan ce miki mutumin ya zama waliyyi ba, hali zanen dutse ne. Amma yanzu sai ya yi sallama kafin ya shigo aji, in yana da faɗa kuma ya kira mutum ofis.

Ina kewarki, Yaya. A gindin rimin nan na yi ta waige ina neman fuskarki, don na san da kina nan ke za ki fara fita. Malam Ilu ya ce lallai ki zo walimar ritayarsa, ba ya karɓar uzuri.

Allah Ya saka miki da alheri, Ya raya miki zuri'a, Ya tsare ki a baƙon wuri. Allah Ya ba Malam Ilu hutu mai albarka. Hedimasta kuma, Allah Ya sanyaya masa zuciya, mu ma Ya hana mu zama irinsa ranar da aka ba mu kujera. Amin.

Taki har kullum,
ƙanwarki Rabi, daga cikin birnin Zazzau.