Ƙodata Baƙuwa a Jikinki

Daga Salaga, ranar Lahadi.

Zuwa ga Shahida, sanyin idona, inuwar kaɗanya da tsakar rana, ruwan farko kan busasshiyar gona, matata kuma mai masaukina,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar mai ƙoda ɗaya, wanda ɗayar ta bi ki Bawku ta bar shi da alli da ɗalibai. Yaya Inna? Yaya jikin ƙaninmu Hussein?

Kin tuna ranar da aka gangara da mu ɗakin tiyata a Accra, gadona kusa da naki? Kika dube ni cikin rigar asibitin nan mai buɗaɗɗen baya, kika ce ta fi yi mini kyau a kan babbar rigar ɗaurin aurenmu. Samarin duniya na cika baki wai sun ba da zuciya, alhali tana nan daram a ƙirjinsu. Ni kuwa yanka ni aka yi, aka ciro, aka ɗinke, ga tabo nan shaida. Na ɗauka daga ranar na gama neman aure har abada!

Ashe da saura. Jiya yayarki Anisatu ta buga mini waya, ta ce gwajin jinin da kika yi a Bolgatanga bai yi kyau ba, likita na tsoron jikinki ya fara ƙin ƙodar. Ta kuma faɗa mini dalili. Wai kin yi alwashi ba za ki daina azumi ba sai ran da Hussein, wanda babur ya kayar ya bugu a ka, ya buɗe baki ya kira sunanki. Maganin safe kin mai da shi na sahur, na sahur wani lokaci barci ya cinye shi, na dare kuma sai in gajiya ta bar ki kin tuna.

Kai, tauraruwata! Babanki ya karɓe ni, kawunnanki sun ci gorona, har tsofaffin unguwarku masu cewa mutumin Salaga sai surutu sun haƙura. Jininki kaɗai ne har yau yake tambaya ɗan gidan wa ne wannan. Wane irin suruki ne haka, shekara da shekaru bai saki fuska ba?

Bari in yi miki darasin da nake yi wa yaran ajina. Jiki yana da sojojinsa, aikinsu korar duk abin da ba na gida ba. Ba su san soyayya ba, ba su san sadaki ba. Kin san yadda fatake ke sauka zango: baƙo ba ya cin kasuwa sai da maigida da zai tsaya masa, ya ce nawa ne, ku ƙyale shi. To ƙwayoyin maganin nan su ne maigidan ƙodata. Duk ran da suka makara, baƙuwa ta kwana a titi. Tun kafin dashen na kwashe makonni ina karanta abin da masu bincike suka rubuta, bakinsu ɗaya: tsallake magani na daga manyan abubuwan da ke sa a rasa ƙodar da aka dasa, kuma ɓarnar ba ta sallama. Ba zafi, ba zazzaɓi, sai aiki ya yi nisa.

Abin da ya fi ba ni mamaki, ke ce fa kika je Yendi aka horar da ku, masu jinyar waɗanda suka bugu a ka. Kika dawo kina koya mini da zumuɗi: a yi masa magana gajeriya, ɗaya bayan ɗaya, a kashe rediyo, in ya yi zagi ba shi ba ne, raunin ne, abinci da barci da magani kowanne da lokacinsa, kada a saɓa. Anisatu ta ce da maganin Hussein ake saita agogo a gidanku. Madalla da ɗaliba! Kin haddace komai sai darasin ƙarshe, wanda da bakinki kika maimaita mini: mai jinya ya fara kula da kansa, don tulun da ya fashe ba ya shayar da kowa. Da ni ke duba takardarki, da na ba ki maki mai kyau, sannan in sa ki maimaita aji.

Wasa nake, amma ban manta ba. Na tuna ki kafin dashen: ƙafafu a kumbure, ruwan sha da awo, injin wankin jini na ta ƙugi, ke kuma kina murmushi don kada in karaya. Shahida, ba ni da ta uku. Wadda ta rage ko na roƙa ba likitan da zai taɓa ta. In wannan ta tafi, me zan kawo miki? Waƙa? Nahawu?

Na je wurin limamin unguwarmu. Ya ce Allah bai nemi marar lafiya ya halaka kansa ba, a ciyar da mabuƙata a warware alwashin. Na riga na sa an kawo doya daga Kpandai, Hanatu ƙanwata ta ɗora tukunya. Makaranta kuma ta ba ni hutu, ina nan tafe a motar Laraba. Zan zauna da Hussein, in koyi magana gajeriya duk da ba halina ba ne, ke kuwa ki tafi wurin likitanki a duba ki tun da sauran dama.

Don girman Allah, furen albasata, ki ajiye takardar nan, ki ɗebo ruwa, ki sha maganinki yanzu. Hussein zai kira sunanki, ina da yaƙini. Ina so ran da ya kira, a samu mai amsawa.

Naki da abin da na ba ki da abin da ya rage, yau da gobe, har ƙasa ta rufe ido,

Mijinki,
Zulkarnain