Kaka Yana Koyon Raɗa

Zuwa ga 'yata Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikin? Barka, barka, barka! Mijinki ya ce kin sauka, namiji, a wata bakwai. Na ce jinina ne, ba ya jiran mota ta cika. Na shelanta wa tasha kaf, har direbobin da ba su tambaya ba. Innarki ta ce ta yi sabon miji, ni na tsufa. Ki gaya masa ina nan tafe, za mu yi ta ta ƙare.

Na yi ta kiran wayarki, sau ɗaya kika ɗauka, ina sallama kika kashe. Shi ya sa na ɗauko biro. Ajin yamman da kike yi mini dariya a kansa, yau ga ranarsa. Yaushe zan zo in cilla shi sama kamar yadda nake yi miki?

Babanki mai murna.

Baba,

Ina gaisuwa, ina gaida Inna. Ka yi haƙuri da kashe wayar. Jikanka yana cikin kwalba, ko ni ban ɗauke shi ba tukuna. Likita ta ce jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwar bakwaini ba su gama ƙwari ba, sun fi zare siranta, abu kaɗan ke fasa su. Ba a jijjiga shi, ba a juya kansa da sauri, ba a hayaniya. Kai kuwa ka san muryarka, ta kiran fasinja ce. Sallamarka na fitowa daga wayar ya zabura.

An duba kansa ta maɗiga da na'ura, an ga jini kaɗan ya zuba. Yana iya tsayawa da kansa, yana iya ƙaruwa. Kada ka zo yanzu, Baba. Ina son ganinka kamar me, amma ka bari.

Taka, Auta.

'Yata,

Ina gaishe ki, ina gaida abokina. Na karanta takardarki a tsaye, na ƙarasa ta a zaune. Ki faɗa mini gaskiya, sallamata ce ta jawo?

Na daina kiran fasinja, na koma ɗaurin kaya. A gida ina koyon raɗa. Na ajiye kofin ruwa a kan tebur ina yi masa magana, in ruwan ya motsa na faɗi jarrabawa. Innarki ta ce raɗata ma maƙwabta na amsawa. Jiya na ce mata sannu da aiki, ta ce, “Me ka ce, Malam?” Ban taɓa jin daɗin rashin ji irin wannan ba.

Duk motar da za ta wajenku ni nake ɗaure mata kaya, in tsaya har ta ɓace. Da wa ya yi kama? Kunnuwan fa?

Babanki.

Baba,

Gaisuwa mai yawa. Na tambayi likita, ta ce ba kai ba ne, haka jijiyoyin suke a kwanakin farko. An sake dubawa, jinin ya tsaya. Za su ci gaba da sa ido, amma ta ce kaka zai iya shiga. Za ka wanke hannu har gwiwa, ka zura ɗaya ta tagar kwalba, ka ɗora kawai, ban da shafa. Kunnuwan naka ne, Allah ya ba shi haƙuri.

Auta.

'Yata,

Na iso gida lafiya. Kin tambaye ni a bakin ƙofa me ya sa ban ce masa komai ba, bayan duk wannan koyo. Na buɗe baki, Auta. Yana riƙe mini yatsa, muryar ta ƙi fitowa.

Ki gaya masa sallamar tana nan, na ajiye masa. Gobe ina motar farko zuwa wajenku.

Babanki.