Tsinken Tsintsiya a Zabura

Lahadi, 12 ga Maris, 1978

Kaka, ki gafarce ni da na yi karambanin rubuto miki, ni da ko lokacin da kike raye ba na iya haɗa ido da ke.

Yau bayan sujada Mama ta sauko da Littafi Mai Tsarki naki na Hausa, wai za ta ba wata ƙawarta a Laranto. Ta ce, "Shekara guda ba wanda ya buɗe shi. Ke kuma 'yar sakandare, sai Turanci." Ni dai na rungume shi.

Da na buɗe, sai ga tsinken tsintsiyar da kike bin layi da shi, yana nan a Zabura inda kika tsaya. Na tuna ki a bakin murhu kina haɗa baƙi ɗaya bayan ɗaya, kina cewa, "Rifkatu, wannan mai ƙugiyar fa?" Ni kuwa ina ɓoye dariya.

Na karanta wa Mama shafin, na yi tuntuɓe har sau uku. Ta share ido, ta ce, "To, riƙe shi. Amma kullum zan duba tsinken."

Na matsar da shi shafi ɗaya gaba. Kaka, kin yarda in riƙa rubuto miki inda ya kai?