Keken da Ba Ya Zuwa Ko'ina

Talata Mafara,
9 ga Oktoba, 1979.

Zuwa ga Baffa Hashimu, Sabo, Badun.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Baffa, Allah ya ƙara maka girma da yawan rai. Bayan gaisuwa ta ladabi irin ta ɗa ga uba, ina fatan wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Inna Baturiya da yara da abokan zamanka na kara, kasuwar shanu. Allah ya sa ciwon gwiwar nan ya yi sauƙi, ya kuma sa albarka cikin nema. Mu nan sai godiyar Allah. Ruwa ya ɗauke, an fara yankan gero. Innarmu ta warke daga zazzaɓin da ya kwantar da ita. Ƙanwata Kaltumi ta sauka lafiya, an samu namiji, an raɗa masa Buba. Baba yana nan, idonsa na hagu ya ƙara dushewa, amma ba ya son a faɗa.

Ka san halin da muke ciki tun da ruwan madatsar Bakolori ya ci fadamarmu ta wajen Tsibiri. Muna zaune a sababbin gidajen Maradun, kan ƙasa mai tsakuwa, muna jiran ranar da za a raba gonakin noman rani. An ce bana, an ce baɗi. Ba mai iya tafiya don kada a yi rabon ba ya nan, ba kuma abin da zaman yake haifarwa. Ni ma abin da ya sa na ajiye aikin gyaran rubutu a maɗaba'ar Zariya ke nan na dawo kusa da gida. Amma maganar da ta sa na ɗauki alƙalami ta ƙanena Barau ce, kuma sai na ɗan yi maka bayani kafin in kai ga roƙona.

Watanni biyu da suka wuce wani likita daga jami'a ya zo nan Mafara da mutanensa, suna binciken ƙarfin jikin manoma da leburori, suka ɗauke ni tafinta. Sun kafa ɗakin gwaji a wani tsohon sito. A tsakiyar ɗakin akwai keke mai ƙafa ɗaya da aka ɗaure da ƙasa. Mutum zai hau, a matse masa hanci, a sa masa bututu a baki wanda ya tafi cikin wata babbar jakar roba, a manna masa wayoyi a ƙirji don ƙidayar bugun zuciya. Bayan kowane minti uku sai a ƙara wa keken nauyi, kamar mai hawan tudun da ba ya ƙarewa, har sai mutum ya ɗaga hannu alamar ya gaji. Daga nan su auna iskar da ya fitar cikin jakar. Likitan ya bayyana mini cewa jiki kamar maƙera yake: huhu ne zugazugi, zuciya da jini ke kai iskar, tsoka kuma ita ce wutar. Abin da suke nema shi ne iyakar iskar da jikin mutum zai iya ci cikin minti ɗaya idan an kai shi maƙura. Ma'aikatan ofis sukan tsaya wajen talatin da biyar a ma'auninsu, manoma masu ƙarfi arba'in da biyar zuwa hamsin.

Na sa sunan Barau ne don kawai ya samu abin da zai fitar da shi daga gida yini ɗaya. Na aika masa cewa likita ya ce kada wanda zai hau keken ya yi wani aiki a ranar, ya zo a huce. Da hantsi sai ga shi. Ya hau, aka yi ta ƙara nauyi, shi kuwa hannunsa na kan kan keken kamar an liƙe. Likita ya dubi agogo, ya dube ni, ya ce in sake gaya masa yana da izinin tsayawa. Na gaya masa. Bai ɗaga ba, sai da likitan da kansa ya tsayar da abin. Awo ya nuna saba'in da ɗaya. Da aka tambaye shi wace mota ya shigo, sai ya ce ai da ƙafa ya zo daga Maradun bayan sallar asuba, yana haɗawa da ɗan gudu don kada ya makara. Na ce masa ba na ce kada ka yi aiki ba? Ya amsa cewa bai taɓa ko fartanya ba, tafiya kuwa tun yaushe ta zama aiki? Kai da ka kora shanu da ƙafa daga nan har Badun, na san ba za ka ga laifinsa ba. Game da ɗaga hannu kuma, cewa ya yi bai ga yadda za a yi ya ce ya gaji a gaban baƙo mai furfura ba.

Aka kwantar da shi kwana biyu a ɗakina, aka sake gwaji, ya kai saba'in da bakwai. Zuciyarsa in yana zaune sau arba'in da huɗu kawai take bugawa a minti. Likitan ya ce cikin shekarunsa na aiki mutum biyu ya gani haka. Mutum ne mai auna magana. Ya ce awo kaɗai ba ya cin tsere, sai da horo, kuma wannan baiwa rabi gado ce rabi tafiya, tana da lokacinta, in shekaru suka ja za ta riƙa raguwa ko an so ko ba a so ba. Ya rubuta wa wani mai horar da masu gudun dogon zango a Kaduna, amsa ta zo cewa za su karɓe shi, da masauki da makarantar yamma, in ya iso kafin ƙarshen watan gobe.

Baba ya ƙi. Ta bakin Inna ya ce gudu ba sana'a ba ce, bai san mai gudu ba sai maras gaskiya da wanda kare ya biyo. Wannan faɗa ce kawai ta tsoho. Ainihin dalilinsa shi ne ana ta raɗe-raɗin cewa ranar rabo gidan da bai tsayar da namiji mai jini a jika ba zai iya tashi a tutar babu, kuma ko an ba mu gonar, wa zai noma ta? Ya ce dole ɗa ɗaya ya zauna, kuma ɗan da ya san ƙasa shi ne Barau. Ba zan ce bai yi gaskiya ba. Barau bai yi musu ba, ka san shi. Ya ce mini kawai yanzu ya gane keken likita, ashe tun bara muke kansa, ana ta gumi ana sauka inda aka hau. Kullum da safe yakan fita da gudu ta bakin ruwa har ya kai titin da motocin Gusau ke bi, ya tsaya ya ga wucewar biyu ko uku, ya juyo gida kafin a dama fura.

Ni ma na hau keken, Baffa. Minti huɗu na yi na ɗaga hannaye biyu, awona talatin da uku. Tun ranar Barau ke kirana Malam Minti Huɗu. Kuma a makon nan takarda ta zo daga Zariya cewa kujerata tana jirana in zan koma farkon shekara. Ina son aikin nan, ba zan ɓoye maka ba; warin tawada ya fi mini warin taki. Na yi ta juya maganar, gaba kura baya siyaki. Amma gyaran rubutu ko ina da shekara hamsin zan iya, abin da ke ƙirjin Barau kuwa ba zai jira ba. Baba ya ce ɗa ɗaya zai zauna. To, ni ma ɗa ne.

Matsalar ita ce ba ni da bakin faɗa masa. Ni ne ɗan fari. Shekarata talatin da ɗaya Baba bai taɓa kiran sunana ba, in na shigo zaure shi zai tashi, in saƙo ne sai ya ce wa Inna a gaya wa mai takardar nan. Inna ma kunyar ce tsakaninmu, da na fara sai ta juya baya ta kama tankaɗe. Tsakanina da shi taku goma ne duk ranar Juma'a in na je gida, amma sai maganata ta je Badun ta dawo kafin ta shiga kunnensa. Kai ne wansa, bai taɓa tsallake maganarka ba, kuma da tsohuwar zuma ake magani. Ina roƙonka ka rubuto masa, ko ka aiko da baki ta hannun masu kai shanu, ka ce ka yanke Jafaru ya tsaya wa gida, Barau ya tafi. Ka faɗe ta kamar daga gare ka ta fito. In ya ji tawa ce, kunya za ta hana shi karɓa.

Zai ce hannuna bai san galma ba, kuma gaskiya ne. Na tambayi likitan, ya ce ko mai minti huɗu in ya dage da aiki awonsa yana ƙaruwa, ba dai zai kai saba'in ba. Gona ba ta neman saba'in. Na riga na rubuta wa Zariya amsar ban haƙuri, na duba ta sau biyu ba kuskure ko ɗaya, tana nan cikin ambulan a aljihuna. Ranar da taka ta iso, ranar zan jefa tawa a akwatin gidan waya.

Ka gaishe mini da Inna Baturiya, da Audu da amaryarsa Suwaiba, da Gwaggo Taiba in ta leƙo daga Ikko. Kaltumi da maigidanta suna gaishe ku. Barau ma yana gaisuwa, bai san da wannan takarda ba. Allah ya bar zumunci, ya sada mu da alheri.

Ni ne ɗanka mai biyayya,
Jafaru Ɗan Juma.