Goben Baba

Litinin, 3 ga Maris
Auta ta sa mini wani abu a waya. Ita ke haɗa shi a wurin aikinsu: ka rubuta masa, ya ba ka amsa kamar mutum, wai yana raba mutane da halin da ke cutar da su. Ni ne abin gwaji. Na ce sai ta samo mai hali, ni aji huɗu na yi, ban kai inda ake raba hali ba. Ba ta yi dariya ba. Ƙafata take kallo.

Laraba, 5 ga Maris
Na raɗa masa Malam Naci. Ya ce yaushe zan kai ƙafar asibiti. Na ce gobe.

Alhamis, 6 ga Maris
Da safe: "Goben ta yi, Baba." Bawan Allah, ya ɗauka da gaske nake. Na faɗa wa Auta injinta bai iya magana ba. Ta ce, "Ya iya. Goben Baba ce bai sani ba." Ta zauna a kan buhun gawayi tana gyara shi, har shayinta ya huce.

Lahadi, 9 ga Maris
Babban yatsan ƙafar ya ƙara baƙi. Ba ya ciwo. Ba abin da ke ciwo. Na sa safa.

Talata, 11 ga Maris
Yanzu in na ce gobe sai ya ce, "Me zai bambanta gobe da yau?" Na ce farashin mai. Da can yakan rubuto dariya. Auta ta cire masa. Sai ya ce yana jira. Ban taɓa ba da labari a gaban wanda ba ya dariya ba, in ban da mamar su Auta.

Asabar, 15 ga Maris
Ya tambayi abin da na tuna game da asibitin. Na rubuta: koren benci, ƙofa mai lilo, takalman mamarsu a leda da aka miƙo mini. Na goge. Na rubuta: layi.
Ban sani ba ko Auta na ganin abin da aka goge. Da yamma ta wanke mini ƙafar. Ta daɗe tana wankin.

Laraba, 19 ga Maris
Na fita sayen batir, mota ta bi ta ƙofar asibitin, shi ke nan. Bencin yanzu shuɗi ne. Likita ya ce yatsan zai tafi, ƙafar za ta zauna, tunda an zo yanzu. Na ce dama tara sun ishe ni. Ya yi dariya, ni ban yi ba.
Na kira Auta da kaina. Na ce ta zo da silifas ɗina, manyan.