An Ba Mufida Baturiyata

Litinin, 7 ga Yuli, 2025

Na dawo daga Kalgo raina a ɓace. Haruna, mai ɗakin fassarar fina-finan da nake ɗora wa murya, ya samo tsofaffin fina-finan Baturiyata, jarumar da nake yi wa murya, na lokacin tana budurwa, masu hoto baƙi da fari. Ina murna ina tambayar yaushe za mu fara, sai ya hau sosa ƙeya. Wai muryata ta yi wa fuskar yarinya nauyi. Wai ya samo wata Mufida, 'yar jami'a, ita za ta yi. Ni in jira na tsufanta.

Nauyi fa. Ni Hadijatu.

Shekaru nake bakin matar nan. Sunanta na gaskiya harshen mutanenmu bai iya shi, shi ya sa daga Gwandu har Dangoma in mutum ya je wurin masu tura fim a waya, cewa yake a sa mishi na Baturiyar Hadijatu. Na ɗauki mayafina na fito.

Alhamis, 10 ga Yuli

Ban yi girki ba, na aika aka sayo fura. Na wuni ina kallon fina-finan Baturiyata da na yi wa murya a da. A gidan Goggo a Doso na fara ganinta, can na koyi Faransancin da nake ci da shi yau. Tun tana siririya har ta zama uwa, ta fito lauya, ta fito mai sayar da kifi a bakin teku, ta fito matar da ta zare. Ba ta taɓa maimaita tafiya ɗaya ba, kowace mata da irin takunta. Kuma da fuskarta ta fara tattarewa ba ta ɓoye ba, ta kawo ta gaban kyamara yadda take. Wace 'yar jami'a ce ta san wannan? Sai dai a littafi.

Asabar, 12 ga Yuli

Na ga Mufida a wurin Haruna. Baƙa ce siririya, da tabarau. Ta durƙusa har ƙasa, "Anti, ina wuni, da muryarki na tashi." To sannu. Na amsa da ka.

Faransancinta ya fi nawa tsabta, wannan kam na ji da kunnena. Nawa na kasuwar Doso ne. Ina ta juya abin a mota har muka wuce Kambaza.

Asabar, 19 ga Yuli

An saki na farko da muryar Mufida. Ba zan kalla ba.

Laraba, 23 ga Yuli

Na kalla. Ba da son raina ba, maƙwabciyata Zahra'u ce ta shigo da wayarta da hantsi, mata suka biyo ta, aka zauna a tsakar gidana kuma, don a ƙara mini.

Akwai wurin da aka zo aka gaya wa yarinyar cewa yayanta ya nitse a ruwa. Tana zaune tana feraye dankali. Ni na san abin da zan yi a nan, tun kafin a zo wurin bakina ya cika: wayyo ni Allah, wayyo ɗan'uwana, wa ka bar ni da shi. Haka muke yi. A aikinmu ba a barin fili, ko jarumi bai buɗe baki ba sai ka sa mishi magana, in ba haka ba mai kallo ya ce sautin ne ya mutu. Haruna da kansa ya koya mini.

Mufida ba ta ce uffan ba. Ta bar yarinyar tana feraya, wuƙar tana ta cin dankalin har ya kusa ƙarewa a hannunta, ba ta sani ba. Numfashi ɗaya kawai aka ji.

Zahra'u, wadda in tana kallon nawa har buga cinya take tana dariya, sai ga ta tana share ido da bakin zani. Wata tsohuwa ta ce, "Haka nan na yi ran da aka kawo mini labarin rasuwar Bawa. Tsakin gero nika tsincewa." Babu wadda ta waiwayo ni.

Na ji kishi, in faɗa a nan tunda ba mai gani. 

Lahadi, 27 ga Yuli

A mota, yaron da ke bayana yana ce wa abokinsa ya tura mishi na Baturiyar Mufida. Na juya na kalle shi har sai da ya gyara zama. Bai san ni ba, dama muryar kawai suka sani, ni kuwa ban yi magana ba.

Juma'a, 1 ga Agusta

Na ɗauko wanda na fi alfahari da shi, wanda ta fito uwar da ɗanta ya ƙi ta. Wurin da take tsaye a ƙofar gidansa, na sa mata masifa mai daɗi, har yau yara na kwaikwayo. Ban san abin da ya kai ni ba na rage sautin gaba ɗaya.

Ashe ba masifa take ba. Gyara wuyan rigarta take, tana shirya murmushi ko zai buɗe. Leɓenta na ƙasa yana rawa tana danne shi.

To sai me? Mutane sun so shi yadda na yi. Da na bar shi shiru a lokacin, da Haruna ya kore ni. Kowa da zamaninsa. Na kashe wayar na tafi na ba awaki dusa.

Talata, 5 ga Agusta

Haruna ya kira, murya ƙasa-ƙasa. Masu tura fim sun dame shi, wai mutanen ƙauye suna dawowa suna cewa an ba su mai ciwo, sauti yana ɗaukewa. Daga Wurogauri har wani ya zo da kansa. "Malama Hadijatu, ke dai ki yi haƙuri. Ki zo ki sake mini shi tun daga farko, ki cike wuraren nan. Sauran ma duk naki ne."

Na ce Mufida fa? Ya ce ta koma karatunta, aikin bai karɓe ta ba.

Na ja mishi rai, na ce sai na duba. Ina ajiye wayar na tashi na taka rawa ni kaɗai a ɗaki. Allah ya yafe mini, daɗi na ji.

Asabar, 9 ga Agusta

Na ɗinka sabon mayafi. Na rubuta kukan wurin dankalin a kaina, ya fi na kowane fim da na taɓa yi. Za su san waye bakin matar nan.

Litinin, 11 ga Agusta

Ruwa aka wuni ana yi, na isa Kalgo jiƙe. Na tarar da Mufida ta zo ɗaukar jakarta. Ta san abin da ya kawo ni. Ita ta goge mini abin saƙala wa kunne da gefen hijabinta ta miƙo, ta ce, "Anti, Allah ya ba da sa'a." Ta zauna a benci a waje tana jiran ruwa ya tsagaita.

Mun yi farkon lafiya lau. Haruna sai ɗaga mini babban yatsa yake. Aka zo wurin dankalin. Mai kawo saƙon ya faɗi labarin, ya cire hularsa. Baturiyata ta dubi dankalin. Na ja numfashi, na buɗe baki.

Wannan fuskar. Yarinya ce ƙarama, ko ashirin ba ta kai ba, amma ta riga ta san abin da ni sai bara na sani, ran da aka rufe Inna na dawo na hau wanke kwanukan da ba su da datti.

Haruna ya tsayar, ya mayar baya. Na sake buɗe baki. Ya sake mayarwa. Ya ce, "Malama, lafiya?"

Na cire abin kunnen. Na ce ya bar wurin yadda Mufida ta yi, da fim ɗin duka. Ya ce to masu cewa sauti ya mutu fa? Na ce zan yi magana a farkon fim ɗin da muryata, tunda ita suka sani, in gaya musu wayarsu lafiyarta lau, in sun ji shiru su kalli fuskar.  Na ce ya leƙa ya ga ko Mufida ta tafi.

Ba ta tafi ba.

Ni dai mura ce ta kama ni, ruwan nan ne ya dake ni a hanya, muryata ba ta fita. Abin da na gaya musu ke nan. Kuma har yanzu ina nan a kan bakana, yadda take furta wasu kalmomin akwai iyayi a ciki. Ranar Asabar zan gyara mata.