Sultana ko 'Yar Dunƙule

Lahadi, 2 ga Oktoba, 2016
Jiya 'yata Kausar ta fita takaba. Na je unguwar Ka'akiyya in tattaro ta mu dawo tamu unguwar, Rusaifa, nan cikin Makka, tunda mai gidan yana son shaggarsa, sashen da suke haya, ƙarshen wata. Ta ce za ta zo, amma da macizan mijinta.

Biyu ne. Duk zaman takabar nan ban taɓa leƙa ɗakinsu ba, Idris abokin marigayi Salihu ne ke zuwa ya ciyar da su. Dangin Salihu sun zo sun kwashe har labule, babu wanda ya ce yana da gādo a maciji.

Na ce gidana ba gidan zu ba ne. Ta ce to, za ta nemi ɗaki ita kaɗai. Ba da faɗa ta faɗa ba. Da ma faɗan ta yi, da na ji sanyi. 'Yar nan tawa ta koma kamar sillen kara, abinci sai na tsaya a kanta. In ta zauna ita kaɗai, wa zai tsaya?

Talata, 4 ga Oktoba
Yayanta Mukhtaru ya raba gardama. Ɗaya za ta shigo, Idris ya riƙe ɗayar. Ni zan zaɓa, tunda ni ce mai tsoro.

Alhamis, 6 ga Oktoba
Na gan su. Daga bakin ƙofa.

Babbar sunanta Sultana. Bowa ake ce wa irinta, daga ƙasashen Amurka ta kudu. Ta fi Mukhtaru tsawo, kuma wai da sauran girma. Tana ganin mutane ta ɗago kai tana bin gilashi kamar mai son a gaisa. Ƙaramar mesa ce, irin wadda in ta tsorata sai ta naɗe ta cusa kai a tsakiya, ta zama kamar curin fura. Salihu bai sa mata suna ba. Idris ya ce asalinta daga wajenmu ne, Gana, Togo, Binin, har Najeriya. Na ce ashe 'yar gida ce, ita ma da iƙama, takardar zama, take zaune. Kausar ta kusa yin murmushi.

Idris ya faɗi gaskiyarsa. Dukansu ba su da dafi. Sultana ba ta da wuyar ci, kuma ta saba da hannu. Ƙaramar tana da fushi, ta kan yaye wa kanta abinci wata da watanni, ga ta ba ta son sanyi ba ta son bushewar iska. Shi da zai ba sabon hannu shawara a kan waɗannan biyun, babbar zai ce.

Na san Kausar Sultana take so. Salihu ne ya rene ta tun tana kamar igiyar guga, akwai hotonsa da ita a kafaɗa. Amma ni na duba abin da zai iya haɗiye kyanwa da abin da ba zai iya ba. Na ce ƙaramar.

"Yadda kika ce, Umma."

Asabar, 15 ga Oktoba
Sun tare. Akwatin gilashi yana ɗakin Kausar, kusa da taga. Na sa mata suna 'Yar Dunƙule, don dole in kira ta da wani abu in zan yi mita.

Ɓeraye a firizata. Ƙanƙararru, cikin roba mai murfi, a gefen naman miya. Na rufe robar da leda uku. Na yi istigfari.

Litinin, 17 ga Oktoba
Wata huɗu da kwana goma 'yata ba ta taɓa ƙamshi ba, ita da uwarta ke haɗa turaren wutar da rabin amaren Rusaifa ke shiga ɗaki da shi. Yau na fanshe. Da ta shiga wanka na kai kasko ɗakinta, na zuba na musamman, mai sandal da farce, na rufe ƙofa da taga ya kama katifa da labule da kayan sawa. Haka aka yi min da na fita takabar babansu. Zan riƙa yi kullum har warin zaman makoki ya fita. Kuma, tsakanina da Allah, ɗakin da maciji ke ciki ba ya ƙin hayaƙi.

Jumma'a, 21 ga Oktoba
Safara'u maƙwabciyata ta zo sayen humra, ta ƙi zama. Wai malamai sun ce maciji ko a cikin Harami kashe shi ake yi, ni kuma na ba shi ɗaki da mukayyif mai sanyaya iska. Na ce na sani. 'Yata nake kiwo.

Laraba, 26 ga Oktoba
Kausar ta kira ni in ga saɓar da 'Yar Dunƙule ta yi. Ta riƙa yi min bayani, rabi Hausa rabi Larabci, yadda idonta ke yin fari kafin fatar ta fita. Rabona da jin maganarta mai tsawo haka tun kafin hatsarin Salihu. Ta ci shinkafa ta ƙara.

Lahadi, 6 ga Nuwamba
Ta ƙi ɓera. Karo na biyu. Idris ya ce halinsu ne, a ƙyale ta.

Alhamis, 10 ga Nuwamba
Ba hali ba ne. Tana ɗaga kai sama, baki a buɗe, numfashinta na yin ƙara kamar ƙaramin usur. Kausar ta ga kumfa a gefen bakinta.

Tun safe tana zaune gaban gilashin. Na kai mata kunun gyaɗa, ya huce a inda na ajiye. Da na matsa mata sai ta ce, ba tare da ta dube ni ba:

"Abu mai rai biyu ya bari, Umma. Na ba da ɗaya. Ɗayar kuma ga ta."

Ni na sa aka ba da ɗayar. Ba ta faɗa ba, ba sai ta faɗa ba. Tsoro nake ji, kuma ba na macijin ba.

Asabar, 12 ga Nuwamba
Mukhtaru ya kai mu Jidda wajen likitan dabbobi. Na zauna gaba, Kausar da 'Yar Dunƙule suna baya.

Ciwon huhu ne. Likitan ya yi tambaya a kan ɗumi da laima da sanyin mukayyif, Kausar na amsawa. Sai ya ɗauki tawul ɗin da muka naɗo ta a ciki, ya kai hanci, ya ce ƙamshin nan fa? Har na gyara zama, na zaci yabo ne. Ya tambaya ko ana turara ɗakin. Na ce kullum. Ya ce a rufe? Na ce to da a buɗe turare ke kamawa?

Ya ce huhun macizai ba ya ɗaukar hayaƙi, kuma ba sa iya tari su fitar. Sanyi da bushewa sun taimaka, amma hayaƙin nan shi ne babba.

Kausar ta ce Salihu bai taɓa barin ta shiga ɗakin macizan da kasko ba. Ita ta ɗauka gobara yake tsoro. Ta tashi cikin ƙamshin nan, ko a ranta ba ta kawo ba.

Garin gyaran gira. Muka kamo hanyar Makka.

Lahadi, 13 ga Nuwamba
Allura za a riƙa yi mata. Idris zai nuna wa Kausar, amma sai an sami mai riƙewa.

Na kwashe kasko da gawayi da kwalabe na kai saman bene. Can zan riƙa haɗawa da gwadawa. Na cire labulen ɗakinta na wanke, na shanya katifa. Tun da na zo garin nan gidana bai taɓa kwana babu turare ba. Yanzu warin sabulu yake, kamar asibiti.

Talata, 15 ga Nuwamba
Mukhtaru bai samu zuwa ba. Ni na riƙe.

Ba ta da santsi. Na zaci za ta yi yauƙi. Bushasshiya ce, da nauyi kamar jariri.

Jumma'a, 25 ga Nuwamba
Safara'u ta ce mai turare gidanta ba ƙamshi, wa zai saya? Biyu daga cikin masu saye sun koma wajen wata. Gwiwata na ciwo saboda hawa bene. Usur ɗin ya ragu. Kausar tana cin rabin abin da na zuba, kuma ita ta hau ta taya ni daka sandal jiya ba tare da na kira ba.

Laraba, 7 ga Disamba
Ta ci. Ɓera guda, bayan la'asar. Ni na fito da shi daga firiza na jiƙa a ruwan ɗumi. Muka tsaya baya muna kallo kamar masu jiran sakamakon haihuwa. Da wutsiyar ta shige, Kausar ta kifa kai a kafaɗata ta yi kukan da ba ta yi ba ranar jana'iza. Na bar ta. Bayan nan ta ce yunwa take ji.

Jumma'a, 9 ga Disamba
Idris ya kira Mukhtaru. Aure zai yi bayan Ramadan, amaryar ta ce ko ita ko Sultana. Yana neman wanda zai karɓa, in bai samu ba ya kai ta kantin dabbobi. Na ce kada a gaya wa Kausar tukuna.

Ban ce komai ya canza ba. Ɗaya na ce, ɗaya ce. Da ta fita wajen ƙawarta, fitarta ta farko ita kaɗai, na ɗauki tef ɗin ɗinki na auna bangon falo daga taga zuwa kabad, don in sani kawai.

In aka fitar da kujerar da Safara'u ta saba zama, akwatin Sultana zai shiga.